FILIN 'YAN UWA MATA: Da Sunan Wa Aka Rubuta Takardar?

  Na ga wasiƙunku duka, har da na masu yi mini tsiya wai na bar su a rataye da kashi na biyu na littafina. Ku ƙara haƙuri, yana wajen maɗaba'a, kuma wallahi ba ni da niyyar kashe jarumar kamar yadda wata ta zarge ni.

Wasiƙar da ta tsaya mini a rai a wannan karon ta wata ƙanwata ce daga wajen Bagwai, maƙwabtanmu. Ta ce bara ta gama sakandare, tana ɗinkin hula tana kuma suyar awara, ga kwasar adashinta ta matso, ga tumakinta biyu. Innarta na son a zuba kuɗin duka a kayan ɗaki tun da an fara maganar aurenta, ita kuwa ranta ya kwanta da wani ɗan fili da aka ce ana sayarwa a bayan gari. Da ta faɗa wa ƙawayenta sai suka kwashe da dariya, wai ina budurwa ina fuloti, ko so take ta zama magajiya. Shi ne take tambayata: "Anti, shin laifi ne mace ta yi tunanin mallakar gida?"

Ƙanwata, kafin in ba ki amsa bari in ba ki labarin yayata, 'yar baffana, wadda ta ba ni izinin in faɗa muddin ban kama sunanta ba.

An kai Yaya birni ina 'yar firamare. Mijinta mutumin kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba, ƙaramin ɗan kasuwa ne mai rufin asiri. Shekara da shekaru suna gidan haya, kullum ƙarshen shekara sai an yi ta fargabar ƙarin kuɗi, har Allah ya hore masa ya sayi fili a gefen gari ya fara gini. Da gini ya kai linta sai kuɗi suka tsaya. Yaya ta duba ta ga damina na tahowa, sai ta zo nan Shanono ta sayar da rabonta na gonar gado, ta haɗa da sarƙa da ɗan kunnenta na gwal, ta ƙulle kuɗin a ɗankwali ta damƙa masa cikin dare, daga ita sai shi sai Allah. Da kuɗin aka sayi katako da kwano, aka yi rufi, aka sa ƙofofi. Suka tare cikin murna, mu ma har can muka je cin shinkafa.

Bayan nan ya ƙara aure, ba a yi wani tashin hankali ba, aka zauna lafiya. Kwatsam sai ciwon kwana uku ya ɗauke shi. Allah ya jiƙansa.

Da aka gama takaba aka zauna rabon gado, Yaya ta ce akwai kuɗinta a cikin ginin nan. Aka ce to madalla, ina shaida? Babu. Ina takarda? Babu. Wa ya gani? Babu kowa. Wanda zai ce "haka ne" yana ƙarƙashin ƙasa. Malamin da ya yi rabon ya gaya mata cewa da akwai hujja, da sai an fara fitar mata da kuɗinta kafin a taɓa komai, domin bashi ana biyansa ne tun kafin a raba gado. Tun da sauran magada ba su amince ba, kuma ba ta da abin nunawa, sai aka ba ta abin da shari'a ta ba matar mamaci mai 'ya'ya, wato tumunin takaba, kashi ɗaya cikin takwas, shi ɗin ma su biyu za su raba da abokiyar zamanta. Ke nan in an kasa gidan gida 16, ɗaya ne nata. 'Ya'yanta biyu mata ne, na amarya uku maza, ga shi gidan ba zai rabu ba, sai aka sayar aka ba kowa nasa.

Ranar da akori-kura ta sauke ta a ƙofar gidan Baffa ana yayyafi. Na tsaya ina kallon kayan ɗakin nan da aka yi ta rububin gani ranar jerenta: gado ya karye a ƙafa, sif ɗin ta kumbura, madubi ya tsage, kwanuka duk sun yi lamba. Da dare muna kwance a ɗakin Inna sai na ji tana sheshsheka. Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri mana." Ta ce, "Ba mutuwar nake wa kuka ba yanzu, wannan na bar wa Allah. Gonata nake tunawa. Da ban sayar ba, da yau ina da inda zan kafa ko da bukka ce. Ni ban yi da-na-sanin taimakonsa ba, ko gobe zan ƙara. Layi biyu kawai na kasa cewa a rubuta, don kunya."

Wannan magana ta Yaya ita ce amsarki, ƙanwata. Ba laifi ba ne mace ta mallaki fili ko gida. Addininmu ya ba mace dukiyarta: sadakinta nata ne, gadonta nata ne, abin da ta samu da guminta nata ne, miji ba shi da iko a kai sai abin da ta ba shi da daɗin rai. Kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wadda ke ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. To ina abin kunya a rubutu?

Yanzu bari mu zo kan yadda ake yi, domin ba na son in zuga ki ki je ki faɗa rami.

Da farko ki sani, a ƙauye irin namu da wuya mutum ya sayi ginannen gida kai tsaye. Gidan fari daga fili yake farawa, sai katanga, sai ɗaki ɗaya, a hankali a hankali. Kuɗin kuwa daga inda muka saba samu ne: sadaki, gado, adashi, turken rago zuwa Babbar Sallah, ajiyar gyaɗa ko wake da kaka a fitar da bazara, da 'yar sana'ar hannu. Misali, idan ku goma ne kuna zubin N5,000 duk mako, kwasa ɗaya N50,000 ce, a shekara kuwa za ki kwasa sau biyar, N250,000 ke nan. Abin da ba na so shi ne ki tara takardun kuɗi a asusu ki kwanta a kai. Ba mu manta wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ba, lokacin da tsofaffi suka riƙa fito da kuɗin ƙarƙashin katifa suna neman mai karɓa. Daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur kuwa, kowa ta ga yadda abin da N1,000 ke saya ya koma. Kuɗi a ajiye narkewa suke kamar ƙanƙara. Gado da sif suna tsufa. Ƙasa kuwa ba ta ruɓewa, gara ba ta cin ta.

Ban ce kada a yi kayan ɗaki ba, kada Inna ta ce na ɓata mata 'ya. A yi daidai rufin asiri: gado, katifa, tukwane, abin zama. Amma a ce an jera kuloli saiti goma waɗanda har a mutu ba za a zuba tuwo a cikinsu ba, don kawai dangin miji su yi guɗa rana ɗaya, wannan kam asara ce.

Na biyu, ki san irin filin da za ki saya. Akwai awon gwamnati, akwai awon igiya. Awon gwamnati shi ne wanda hukuma ta yanka ta fitar da tituna ta ba da takarda. Awon igiya kuwa mai gona ne ya kira dillalai suka yanka masa gonarsa, ƙafa 50 da 50, ko 50 da 75, wani wurin 50 da 100. Shi ya fi araha, shi ne kuma mafi yawa a wajenmu, kuma a cikinsa rigima ta fi yawa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A cikin birni gwamna ne ke ba da takardar shaidar mallaka, wadda ake ce wa satifiket, kuma a Kano ofishin KANGIS ne ke riƙe da bayanan filaye, can ake zuwa a bincika ko takarda ta gaskiya ce. A karkara irin Shanono kuwa dokar ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya. Saboda haka bayan sa hannun mai unguwa da dagaci, kada ki yi ƙyuya, a taka zuwa sashen filaye na sakatariyar ƙaramar hukuma a yi rajista.

Kafin ki ba da ko sisi, ki sa Baba ko Kawu ko yayanki, wanda dai kika yarda da amanarsa, ya bincika miki waɗannan abubuwa. Shin filin na gado ne? In na gado ne, an raba, ko kuwa ɗan'uwa ɗaya ne ya yi gaban kansa? Filin da ba a raba ba, ko kin biya, abokin tarayya na da haƙƙin shufu'a, wato ya mayar miki da kuɗinki ya karɓe. Shin gonar ba a jingine take a hannun wani ba? Shin ba a taɓa sayar wa wani ba? Sau nawa muka ji fili ɗaya mutum uku, kowa da takardarsa! Shin ba hanya ba ce, ko burtali, ko gefen makaranta, maƙabarta ko filin idi? Waɗanda suka ga rusau ɗin da aka yi a birnin Kano a watan Yuni na 2023, a gine-ginen da gwamnati ta ce an yi su a filayen jama'a, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Sannan kada ki yarda da filin da kika gani da rani kawai, ki tambayi maƙwabta yadda yake a watan Agusta, domin wani filin da rani fes, da damina kuwa kududdufi. Haka kuma tun da aka samu hare-haren 'yan bindiga a wasu ƙauyukanmu na bakin iyakar Katsina a ƙarshen 2025, ai ba sai an ce miki ki zaɓi wuri cikin mutane ba. Allah ya kawo mana ƙarshen abin. Idan kika ji fili ya cika araha kuma ana azalzalarki wai "yau ko gobe wani zai ɗauka", to ki ja da baya, araha ba ta ado.

Na uku, ita takardar kanta, wadda saboda ita na ɗauki biro yau. A rubuta cikakken sunanki da na mahaifinki a matsayin mai saye. Ba sunan saurayi ba, ba na miji ba, ba na yaya ba, komai ƙaunar da ke tsakani. Idan shekarunki ba su kai 18 ba, a rubuta cewa waliyyinki ya saya a madadinki. A sa sunan mai sayarwa, faɗin fili da tsawonsa, maƙwabta na gabas da yamma, kudu da arewa, kuɗin da aka biya, da kwanan wata. Shaidu su sa hannu ta ɓangarenki da ta nasa, in filin gado ne magada duka su sa. In da hali ki biya ta banki daga asusunki, don ya zama wata shaidar. Ki yi hoton takardar kwafi biyu ko uku, ki ɗauka a waya, ki ajiye ta asalin inda ruwa da gara da hannun yara ba za su kai ba.

Kuma ki sani kuɗin fili ba shi ne kaɗai kuɗin ba. Akwai la'adar dillali, wadda ya kamata a yanke ta tun kafin a yi sallama don kada a zo ana ja-in-ja. Akwai ɗan abin da ake ba shaidu da masu unguwa, akwai kuɗin awo, akwai na rajista. Duk wanda aka biya a ofis a karɓi rasit. Idan kuɗinki daidai kuɗin filin ne cif, to ba su isa ba tukuna.

Na huɗu, gini. A nan ne mutane da yawa ke karaya saboda tsadar siminti. Za ku tuna a watan Fabrairu na 2024 buhu ya haura N10,000 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka ce a sayar tsakanin N7,000 zuwa N8,000. To mu da Allah ya ba jar ƙasa a ƙarƙashin ƙafarmu, me zai sa mu raina ta? Ginin tubali in an yi masa harsashi mai kyau, aka rufa da kwano, aka yi masa shafen siminti ta waje, yana shekaru, ga sanyi lokacin zafi. Da rani ake yin sa. Mai son bulo kuwa ta riƙa saye kaɗan-kaɗan tana jibgewa a filin, yau ɗari gobe hamsin, kwano ma bandir-bandir. A fara da katanga ko shinge, sai ɗaki ɗaya da banɗaki. Kafin a kai ga haka, kada a bar filin a banza: a shuka gyaɗa ko wake ko kuɓewa, a dasa darbejiya a kusurwa huɗu, kowa ya san yana da mai shi.

Na biyar, maganar tallafi da rance, tun da wasu za su ce ai gwamnati na ba da bashin gida. Gaskiya ne akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke kula da shi. Ana cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci duk wata a zuba. Idan aka lissafa a kan N71,000, mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024, N1,775 ke nan a wata. Wadda ta yi wata shida tana zubi tana iya neman rance, ruwansa kashi 6 cikin ɗari a shekara, a biya har tsawon shekara 30, wadda ba ta ci bashin ba kuma tana iya neman kuɗinta in ta yi ritaya. Amma fa sai da takardun fili na hukuma da kuma shaidar samun kuɗi duk wata, takardar dagaci kaɗai ba za ta yi ba. Saboda haka wannan ƙofa ta fi buɗuwa ga malamar makaranta, ma'aikaciyar asibiti da makamantansu. Kun ga wani dalilin da zai sa ku 'yan makaranta ku riƙe karatu da kyau ke nan. Sannan akwai batun kuɗin ruwa, wanda ya kamata a tambayi malamai kafin a sa hannu. Ga masu gudun haka akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ da ya biyo baya a 2019. Tsarinsu shi ne banki ya saya ya sayar miki da riba sananniya ki biya a hankali, ko ya ba ki haya har gidan ya zama naki. Su ma dai sai sun ga takardu da hanyar biya.

Rukunin gidaje irin su Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina a gefen birni tsakanin 2011 da 2015 kuwa, mu dai sai kallo daga tagar mota, ba su ne gidan farin mai suyar awara ba. Abin da na fi jin tsoro shi ne masu yawo da fom wai na gidajen tallafi, a kawo dubu biyar a sa sunanki, da kuma masu ba da bashi ta waya waɗanda in kin makara za su bi lambobin danginki suna tozarta ki. Ku yi nesa da su. Tallafin da na fi yarda da shi a ƙauye shi ne adashi a hannun uwar adashi mai amana, da ƙungiyar taimakon kai da kai mai littafi da shaidu.

Akwai kuma wata hanyar da ba zan rufe baki a kanta ba. Kada son fili ya sa yarinya ta riƙa tatsar samari, ko ta bi wani mai kuɗi don ya yi mata alkawarin gida. Wanda ya ba ki fili ba da aure ba, ba don Allah ya ba ki ba, kuma ranar da ya tashi karɓar abinsa har da mutuncinki zai haɗa. Guntun gatarinki ya fi sari ka ba ni.

Masu cewa mace mai gida ba ta zaman aure kuwa, ni ban yarda ba. Rashin tarbiyya ne ke kawo raini, ba fili ba. Nana Khadija ai attajira ce, kuma ba a taɓa jin macen da ta kai ta biyayya da taimakon miji ba. Ba na cewa ki ɓoye wa iyayenki ko mijinki, a'a, ki yi komai da saninsu da albarkarsu. In kuma mijinki ya shiga matsi kina da hali, ki taimake shi, lada ne. Sai dai ku fayyace tun a ranar: kyauta ce, ko rance, ko tarayya a gidan? In kyauta ce, shi ke nan, kin bar wa Allah. In rance ne ko tarayya, a kira mutum biyu a rubuta. Ki ce masa cikin ladabi, "Maigida, ba don ban yarda da kai ba, saboda rai ne, kuma don kada in bar ka da nauyi." Namijin kirki ba zai ƙi ba, shi ma ai sauke masa kaya kika yi.

Yaya dai ba ta zauna kuka ba. Ɗan abin da ta samu na tumuni ta sayi tumaki, ta kama ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta shiga adashi. Shekara uku tana fama, bara ta sayi ɗan fili hamsin da hamsin kusa da gidan Baffa. Ranar da za a rubuta takarda ni ta kira, ta ce, "Zo ki karanta mini da bakinki, ke da kika yi boko." Na karanta har na zo kan sunanta, ta ce in maimaita. Na maimaita. Yanzu ɗaki ɗaya ya tashi, na tubali, saura ƙofa da taga, 'yan matanta har sun fara gardamar inda za a dasa lalle.

To ƙanwata ta Bagwai, ki samu Inna cikin natsuwa, ba gaban mutane ba, ki karanta mata wannan shafi. Ku raba kuɗin, a yi kayan ɗaki daidai ƙarfi, saura a sa a ƙasa. In bai isa fili bana ba, a ƙara tunkiya a jira baɗi, sannu ba ta hana zuwa. Ki rubuto mini yadda kuka yi.

A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu za mu taɓo maganar adashi, yadda ake gane na amana da wanda ake gudu da kuɗin mutane. Masu labari a kai ku aiko, ba zan kama suna ba. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya ba kowace ɗaya daga cikinmu miji nagari da matsuguni na halal.

Taku har kullum, daga Shanono.